Fallata: Sunan da Aka Raɗa wa 'Yan Uwanmu a Sudan

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau Sudan za mu je. Amma kafin mu kama hanya bari in ba ku wani ɗan labari nawa.

Lokacin da nake bautar ƙasa a kudu, mu uku ne 'yan Arewa a gidan da aka sauke mu. Ni, da wani Babarbare daga Borno, da wani Batangale daga Gombe wanda duk Lahadi sai ya saɓa Littafi Mai Tsarki ya tafi coci. Yarenmu na gida uku, addininmu biyu. Amma a bakin mutanen unguwar sunanmu ɗaya: aboki. Batangalen nan har "malam" ake kiransa, yana dawowa daga coci fa. Da farko dariya abin yake ba mu. Sai ranar da wayar wani ta ɓata a gidan, aka tashi bincike, ba a yi shawara da kowa ba aka fara da ɗakinmu. Ba a samu komai ba, daga baya ma wayar ta fito a wani wuri daban, amma tun daga ranar na daina jin kalmar nan yadda nake jin ta a da. Kalmar Hausa ce, mai daɗi ma kuwa, amma a can ta zama buhu, duk wanda ya fito daga sama da Kogin Kwara sai a cusa shi a ciki a ɗaure baki.

To, a Sudan akwai irin wannan buhun, kuma ya haura shekara ɗari ana cusa mutanenmu a ciki. Sunansa Fallata.

Asalin kalmar ba ta Larabci ba ce. Barebari ne suke kiran Fulani da Fulata, daga Borno ta bi hanyar gabas, ta ratsa Wadai da Darfur, ta isa bakin Kogin Nilu. Kafin ta isa can ta yi ƙiba. Bahaushe Fallata ne, Bafulatani Fallata ne, Bazabarme Fallata ne, kai har shi Babarbaren da ya ƙirƙiri kalmar don ya bambanta kansa da Bafulatani, da ya isa Sudan sai ya tarar shi ma an saka shi a ciki. Wannan abin kullum yana ba ni dariya, duk da ba abin dariya ba ne.

Akwai kuma wani sunan da ya girme shi, Takruri, jam'insa Takarir. Wannan daga Takrur ya samo asali, wata tsohuwar daula a bakin Kogin Senegal wadda sarkinta ya karɓi Musulunci tun a ƙarni na 11. Da alhazan can suka fara isa Masar da Hijaz, sai Larabawa suka riƙa kiran duk baƙar fatar da ya fito daga yamma da sunan. Malamanmu ma sun karɓe shi ba tare da jin wani ƙasƙanci ba: littafin tarihin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta, Infaƙul Maisur, a cikin cikakken sunansa ƙasashenmu ya kira da ƙasar Takrur. Yanzu ku dubi inda kalmar ta ƙare. Idan yau aka ce wance "takari" ce a Makka, kun san abin da ake nufi, kuma kun san ba yabo ba ne. Sunan daular da ta riga kusan kowa shiga Musulunci a Afirka ta Yamma, shi ne ya koma sunan mai gudun 'yan sanda saboda ba shi da takardar zama.

Me ya kai mutanenmu Sudan tun farko? Hajji. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka daga Kano ko Katsina ko Damagaram ƙasa yake bi: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, ya tsallake Nilu, ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ƙira, a yi wanzanci, a koyar da allo, a sake ɗaura kaya. Wani a hanya zai yi aure, ya haihu, ya aurar. Da yawa ba su kai Makka ba, da yawa sun kai amma ba su dawo gida ba. Shi ya sa za ka ga unguwannin Hausawa jere a kan tsohuwar hanyar nan kamar an zubar da tsaba.

Sai kuma babbar hijira. A watan Fabrairun 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa. Dama akwai daɗaɗɗen zance a ƙasar Sakkwato cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu gabas za su yi hijira. Turawa suka bi su har Burmi, a cikin jihar Gombe ta yanzu, inda aka gwabza ranar 27 ga Yulin 1903, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya. Bayan 'yan shekaru suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, wato Blue Nile ɗin da kuke ji a labarai, kusa da garin Sennar. Garin da suka kafa har gobe yana nan, sunansa Mai Wurno.

Ga inda ƙaddara ta yi musu wasa. Sun gudo daga Bature, sun yi tafiyar dubban kilomita, sun iso sun tarar da Bature ya riga su. Tun a watan Satumban 1898 Kitchener ya karya daular Mahadi a yaƙin Omdurman, Sudan ta koma hannun Ingila da Masar. Ku riƙe wannan shekarar a ranku, za mu dawo kanta.

Bature kuwa da ya gan su bai kore su ba, ya ga ma'aikata. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe gagarumin aikin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don ciyar da masaƙun Ingila. Auduga tana son hannu, shuka da cira da tsinka. Jami'an mulkin mallaka suka yi ta yabon "Fallata" a rahotanninsu, wai mutane ne masu juriya, masu aiki ba ƙorafi, suka kuma ƙarfafa musu gwiwar zama. Ni dai duk inda na ga mai mulki yana yabon wata ƙabila da cewa ba ta ƙorafi, gabana faɗuwa yake yi, don na san akwai wanda zai biya kuɗin yabon nan daga baya. Haka kuwa aka yi. A idon ɗan ƙasa da ke neman a ƙara masa lada, Bafallace ya zama wanda Bature ya kawo ya karya farashin aiki. Sunan ya fara ɗaukar wari: ɗan ƙwadago, baƙo, mai gurɓatacciyar Larabci, wanda ba a ba shi 'ya. Jikan sarki da jikan malami da jikan maƙeri, duk buhu ɗaya.

Amma gori a baki wani abu ne, gori a takarda wani abu ne daban. A 1948, Turawa suna shirin tafiya, aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Aka ja layi a kan rana ɗaya: 31 ga Disambar 1897. Idan kai ko kakanninka ta wajen uba kuna zaune a ƙasar tun daga wannan ranar, kai ɗan ƙasa ne. Idan bayanta kuka zo, sai dai ka nema a ba ka. Ranar ta faɗo ne gab da shekarar da Kitchener ya karya daular Mahadi. Bayan samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta riƙe wannan ranar yadda take.

Yanzu ku yi lissafi da kanku. An yi Burmi a 1903. Duk wanda ya biyo Mai Wurno ya makara da aƙalla shekara shida. Mutumin da ya bar gidansa don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara, kalandar Nasara ce ta yanke cewa shi da 'ya'yansa baƙi ne. Kuma waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin 1897, su ma ba su tsira ba, don wa yake da takardar shaidar ranar da kakansa ya sauka daga kan jaki a Kurdufan? Ma'aikacin da ke zaune a ofis ba ya ganin 1897 a goshin kowa. Abin da yake gani shi ne launin fata, da sunan kaka, da amsar da za ka bayar idan ya tambaye ka ƙabilarka. Wanda ya ambaci ɗaya daga cikin manyan ƙabilun bakin Nilu, an wuce wurin. Wanda ya ce Hausa ko Fallata ko Barno, sai a ce ya kawo shaidu, ya kawo ƙarin hujja, ya dawo gobe. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956. Amma kusan shekara hamsin ana koya wa ma'aikata da maƙwabta cewa wannan sunan yana nufin "a bincika", ba ranar da aka canza doka suke mantawa ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki, shi kansa sunan "Sudani" da ake hana su, ba da daɗewa ba ya zama abin alfahari. Biladus Sudan a bakin Larabawan da, ƙasar baƙaƙe ke nan, tun daga Senegal har Bahar Maliya. Mu ma muna ciki. Mali ma ai Sudan ta Faransa ake ce mata har zuwa lokacin 'yancin kai. A farkon ƙarni na 20, a Khartum da Omdurman, idan aka ce wane "Sudani" ne, sau da yawa ana nufin bawa ne ko ɗan bayi. Mai asali da sunan ƙabilarsa ta Larabawa yake kiran kansa. Da Ali Abdullatif, wani hafsan soja wanda mahaifinsa Banube ne daga duwatsun Nuba, mahaifiyarsa kuma 'yar Dinka, ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta ta yi wa Turawa bore a 1924, manyan gari gorin asali suka yi masa, wai wane ne shi da zai yi magana da sunan al'umma. Sai a shekarun da suka biyo baya 'yan boko masu kishin ƙasa suka ɗauki kalmar, suka wanke ta, suka yafa. Da ta yi kyau kuma, sai aka fara tantance wanda ya cancanci ya saka ta. Kun ji fa.

Kuma kada ku ɗauka su waɗanda ke cikin buhun kansu a haɗe yake. A kudancin Darfur, wajen Tulus, akwai Fallata makiyaya da suka daɗe ƙwarai, suna da ƙasarsu da sarautarsu, akasarinsu Larabci suke yi, ba wanda yake ce musu su koma inda suka fito. Akwai Fulanin da ba sa son a haɗa su da Hausawa, akwai Hausawan da suke cewa mu ba Fallata ba ne, mu Hausa ne, akwai kuma waɗanda suka bar yaren gaba ɗaya suka nemi wata nasaba suka jingina da ita don 'ya'yansu su huta. Ba na zargin kowa a cikinsu. Idan suna yana hana ka makaranta da aiki da aure, ba kowa ne zai iya riƙe shi don jarumta ba.

Akwai wadda ta riƙe shi kuwa. A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha al-Fallatiya. 'Yar malami ce, asalin iyayenta daga ƙasarmu. A farkon shekarun 1940 ta shiga gidan rediyon Omdurman ta yi waƙa, a lokacin da mace ta fito ta yi waƙa a bainar jama'a abin kunya ne, kuma ita ake lissafawa a matsayin macen da ta buɗe wannan ƙofar. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Har yau idan ana lissafin iyayen waƙar Sudan sai an ambace ta, da laƙabin nan manne a jikin sunanta. Haka ma agashe. Ku tambayi duk wanda ya yi karatu a Khartum, zai gaya muku yadda 'yan Sudan suke layi a wajen mai agashe da yamma, kuma sun san sarai daga hannun wa ya fito. Ana son muryar, ana son naman. Matsalar ba ta tashi sai an zo maganar ƙasa.

Maganar ƙasa kuwa ita ce ta kai mu ga 2022. A yankuna da dama na Sudan, fili ba na mutum ɗaya ba ne kawai, na ƙabila ne. Kowace ƙabila da ake ɗauka 'yar asali tana da yankinta da basarakenta, kuma ta hannunsa ake raba gona, ake sasanta rikici, ake magana da gwamnati. Turawa ne suka ƙarfafa wannan tsarin a shekarun 1920, kuma abin da zai ba ku haushi, daga irin mulkin da suka gwada a Arewacin Najeriya ta hannun sarakuna suka ɗauki darasi. Numairi ya rushe shi a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da shi. A ƙarƙashin irin wannan tsarin, ƙabilar da ba ta da sarauta tana noma ne da izinin wasu, ko da ta shekara ɗari a wurin.

Hausawan jihar Blue Nile suka nemi a ba su masarautarsu. Shugabannin ƙabilun da ke ganin su ne masu ƙasa, irin su Berta da Hamaj, suka ce ba za ta saɓu ba, baƙo ba ya sarauta a ƙasar wani. A watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a wajen Rusairis da Damazin, hukumomi da kansu suka ce an kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kassala da Gadarif da Port Sudan. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, cikin kwana biyu aka kashe wajen mutum 200, aka ƙona ƙauyuka. Gaskiya ita ce an yi kisa ta kowane ɓangare, kuma akwai 'yan siyasa da masu bindiga da suka hura wutar don amfanin kansu. Su ma Berta da Hamaj ɗin ba wasu 'yan gata ba ne, mutane ne da Khartum ta daɗe tana dannewa, kakanninsu sun sha farautar bayi, an ƙwace musu filaye an ba manyan manoma masu injina. Talaka ne ya kashe talaka. Amma kalmar da ta sa maƙwabci ya iya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta, tsohuwar kalmar nan ce: baƙi. Mutanen da aka haifi kakanninsu a bakin kogin nan.

Na tuna yadda muka yi a Facebook a lokacin. Kowa ya fusata, ni ma na fusata, mun yi rubuce-rubuce, mun ce ana kashe 'yan uwanmu saboda an ce ba 'yan ƙasa ba ne. Kuma daidai ne mu fusata. Sai dai a cikin makon nan wani abokina, wanda a Sabon Garin Kano aka haife shi, aka haifi mahaifinsa, Hausarsa ta fi tawa karin magana, ya tambaye ni wata tambaya da ta hana ni barci. Ya ce, kai da kake wannan kumfar bakin, ka san ni duk lokacin da zan nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai na hau mota na tafi wani gari a kudu da ban taɓa kwana bakwai a cikinsa ba, in nemo takardar shaidar asali? Ya ce a nan ni Inyamuri ne, a can kuma ɗan Hausa suke ce mini.

Ban sami amsar ba shi ba. Don takardar asalin nan tamu, idan ka cire mata riga, 1897 ce. Ba ta tambayar inda aka haife ka, ko inda kake biyan haraji, ko inda za a binne ka. Garin kakanka take tambaya. Ita ce ta sa Bahaushen Jos, wanda kakansa ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, yake jin ana kiransa baƙo, kuma kun san jinin da aka zubar a kan wannan a 1994 da 2001 da 2008. Irin wannan tunanin ne ya sa a 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta kai shi iyaka ta tura shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da ƙasarsa. Mu da muke kuka da "aboki" da "Fallata", a bakinmu akwai arne, akwai Inyamuri, akwai kabila da muke faɗa da wata irin murya, akwai Banza Bakwai da muke koya wa yara a aji ba tare da mun tsaya mun ji yadda take sauka a kunnen Banufe ko Bagwari ko Bazamfare ba. Yanzu kuma ga sabon yayi, an koma ana yi wa juna tone-tonen wane ne Bahaushe tsantsa, wane ne Bafulatani, a gidajen da kaka ɗaya ta haifi kowa. Duk wanda yake jin daɗin wannan wasan, don Allah ya je ya karanta abin da ya faru a Wad al-Mahi.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a watan Afrilun 2023, jihohin Jazira da Sennar, inda Hausawa da Fulani suke da yawa, sun ga tashin hankali iri-iri. Miliyoyin 'yan Sudan sun rasa matsuguni, kuma a shingayen bincike sau da yawa fuska da lafazi da sunan ƙabila ne suke yanke wa mutum hukunci kafin a duba takardarsa. A cikin masu gudun akwai jikokin mutanen Burmi. Duk waɗanda suka bi ta Chadi suka nufo yamma a cikinsu, suna kan hanyar da kakanninsu suka bi da ƙafa zuwa gabas wajen shekara 120 da suka wuce. Idan sun iso nan, 'yan Sudan za mu kira su.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu leƙa zangon Kumasi, mu ji yadda aka yi a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Ghana.